Tulun Ƙarfe Shida

Duk wanda ya saba shiga kasuwar Talata Mafara ta wajen mahauta ya san Falalu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne dogon mutumin nan mai wanke kayan ciki a bayan rumfar Malami, wanda in ka yi masa sallama sai ya bi ka da gaisuwa har ka gaji, ya tambayi gida, ya tambayi iyali, ya tambayi gajiya, ya koma ya tambayi ruwan bana. Mahauta suna tsokanarsa da Sarkin Noma, shi kuwa ba ya fushi, don sunan ba ƙarya ba ne gaba ɗaya. Ubansa ne Sarkin Noman Tungar Nagode, wani ɗan ƙauye gaba da Dosara a ƙasar Maradun. Yanzu babu Tungar, babu noman, sunan kaɗai ya biyo shi kasuwa.

A Tunga akwai wata al'ada da Falalu ya buɗe ido ya tarar. Ba a tambayar mutum lafiyarsa a yarda da amsar, don ko yana gargarar mutuwa cewa zai yi lafiya lau. Gonarsa ake dubawa. Kowace safiya ta damina ubansu yakan zaga gonakin gari da sandarsa, Falalu da wansa Jibo na biye da shi. In ya ga ciyawa ta kwana uku a kunyar mutumin da aka sani da himma, ba ya ƙara taku ɗaya, sai ya juya gidan mai gonar. In ciwo ne a kira gayya, in yunwa ce a aika da damin hatsi, in lalaci ne ya sha faɗa a gaban matansa. Da haka 'ya'yan nan biyu suka girma, ba su san wata hanya ta sanin halin ɗan'uwa ba.

Wata Laraba da la'asar 'yan bindiga suka shigo Tunga a kan babura. Ba sai an tsaya ba da labarin wannan rana ba, duk ɗan Zamfara yana da irinsa. Falalu ya fita da matarsa Taibatu da 'yarsu Nusaiba. Jibo ya fita shi kaɗai, ya bar gawar matarsa a ƙasa, kuma harbin da aka yi daf da kansa ya tafi da jinsa har abada. Mutanen Tunga suka watse, wasu Mafara, wasu Bakura, wasu Gusau, wasu Sakkwato. Falalu ya samu ɗaki ɗaya da aikin wankin hanji. Ya yi ya yi Jibo ya zauna tare da su, Jibo ya ƙi, ya ce shi ba zai zauna ƙanensa na ciyar da shi ba da sauran ƙarfinsa. Ya nufi gonakin noman rani na Bakolori wajen Bakura, yau gadin albasa, gobe korar tsuntsu, duk inda aka kira shi.

To, da me za a ji lafiyarsa? Kurma ba ya amsa waya. Bai yi boko ba balle a rubuta masa. Saƙon murya kuwa ya ce shi ba ya magana da abin da ba ya kallonsa, ga shi tun da ya daina jin muryar kansa kunyar magana ta kama shi. Wata biyu, wata uku, Falalu bai san ko wansa na raye ba sai in ya bar aikin yini ya shiga mota ya je nema. Wannan abu ya fi wankin hanji cin ransa.

Mu'awiya mai cajin waya a bakin tasha ne ya sa masa wani wasa a waya. Wasan noma ne na intanet, a ba ka fili, ka share, ka shuka, ka yi ban ruwa, ka jira. Falalu ya dube shi ya yi dariya, ya ce yanzu ɗan Sarkin Noma ne zai yi noma da ɗan yatsa? Ya shuka masara ya manta da ita. Bayan kwana biyu ya buɗe ya tarar ciyawa ta rufe ta, a na uku ta bushe ƙurmus, kuma babu wani maɓalli da zai dawo da ita. Nan ne ya daina dariya. Ya ce wa Mu'awiya, "Wanda yay yi abin ga ya taɓa riƙa hauya."

A wancan zamanin wasan yana da wuya, kuma wuyar ce daɗinsa. Mutum ɗaya ba ya iya riƙe gona. In tsuntsaye suka sauka sai maƙwabta sun taya ka kora. Rumbu ba ya ginuwa sai mutum goma sun sa hannu. Ana iya haɗa ƙungiya a sa mata suna, kowa na ganin gonar kowa. Da Mu'awiya ya yi masa wannan bayani, sai Falalu ya koma gida ya fara neman lambobin mutanen Tunga ɗaya bayan ɗaya. Cikin wata huɗu ya tara mutum talatin da ɗaya, maza da mata, har da tsofaffin da jikoki ke riƙe musu waya. Sunan ƙungiyar Tungar Nagode. Ya hana kowa zaɓen maƙwabci, ya ce wanda kuka haɗa iyaka da shi a gida shi ne maƙwabcinka a nan, ko kuna gaba. Ranar Juma'a bayan sallah ake gayya. Ya tara kuɗin wata uku ya sayi tsohuwar waya mai tsagaggen gilashi, ya kai wa Jibo Bakura, ya zauna da shi yini guda yana nuna masa da hannu.

Jibo ya fi kowa iyawa. Mutumin da ba ya ji, ba ya hira, ba shi da kowa a bukka, sai ya zuba ransa a gonar nan. Kunyoyinsa a miƙe, ba ka ganin ƙwayar ciyawa, sunansa ne kullum a saman jeri. Akwai kuma wani ɗan abu a wasan: kowace rana kana da tulun ruwa guda da za ka zuba a gonar wanda ka so, sai hoton tulun ya fito masa da sunanka. Jibo bai taɓa ba wa kowa nasa ba sai Falalu. Yana idar da sallar asuba ya zuba, wata rana kafin gari ya waye, wata rana sai hantsi in caji ya ƙare ko sabis ya yi gardama. Falalu ya gani ya ce alhamdu lillahi, ya mayar masa da nasa, ya saɓa wuƙa ya tafi kasuwa. Wannan ita ce gaisuwarsu, kuma ta fi duk doguwar gaisuwar da yake yi wa mutanen kasuwa.

Kuma al'adar ubansu ta dawo da ƙafarta. Kafin ya taɓa gonarsa, Falalu sai ya zaga gonaki talatin. Da ya ga ciyawa ta kwana biyu a gonar wata tsohuwa da ke Gusau, ya sa aka je aka tarar da ita kwance, aka haɗa mata na magani. Shekarar da aka yanke layin waya a jihar, duk gonakin suka mutu, har wasu suka ce shi ke nan. Ranar da sabis ya dawo mutum ashirin da tara suka fito share fili, aka bi sawun biyun da ba su fito ba har aka san inda suke. Shekara uku ana haka. Falalu ya yi ƙiba kaɗan, har Taibatu ta ce ta fara jin dariyarsa irin ta Tunga.

Sai waɗanda suka ƙirƙiro wasan suka waiwayo. Su waye, a wace ƙasa suke, babu wanda ya sani, amma duk inda suke sun zauna sun lura cewa mutane na jin daɗi ba su biya ko sisi ba, abin ya tsaya musu a rai. Aka wayi gari wasan ya sake kama. Ko'ina ƙyalƙyali, ko'ina akwatin zinare na tsalle. Masarar da ke yin yini biyu yanzu minti ashirin ta nuna, in ba ka girbe ta nan take ba ciyawa ta hau, jan tambari ya fito a kan sunanka. Wane mai sana'a ne zai zauna yana girbi duk minti ashirin? Ai da gangan aka yi. Sun haƙa ramin, sun tsaya a gefe suna sayar da tsani. Ka biya, a ba ka ɗan ƙwadago, wani guntun mutum mai malafa da murmushin da ba ya gushewa, ya yi maka shuka da ban ruwa da girbi da korar tsuntsu har kwana talatin, ko ka buɗe waya ko kada ka buɗe. Rumbun mutum goma kuwa, yanzu da kuɗin kwanon shinkafa sai ya tsaya da kansa.

Mutanen Tunga ba mugaye ba ne, gajiyayyu ne. Ɗaya ya saya, biyu suka saya. Wanda ya saya ba ya neman kowa, ba ya kuma leƙa kowa. Juma'a ta zo, mutum shida a gayya, wata Juma'ar uku. Waɗanda ba su da na biya suka gaji da jan tambari suka goge wasan. Falalu ya yi ta aika saƙon murya yana faɗa, yana cewa gonar da ba ta iya mutuwa ba gona ba ce, hoto ne, kuma shi ko zai mutu ba zai ba ɗan malafa ko kwabo ba. Aka riƙa cewa Sarkin Noma ya cika tsauri, wasa ne fa. Yana kallo Tunga ta sake watsewa, wannan karon ba wanda ya harba ko harsashi ɗaya, kuma abin ya yi masa ciwo ƙwarai.

Tulun Jibo dai bai fasa zuwa ba. Amma gonarsa ta lalace, don mai aikin yini a rana ba ya iya bin masarar minti ashirin. Kullum ja, kullum ciyawa. Sau biyu Falalu na ganin haka hankalinsa ya tashi, ya ajiye aiki ya tafi Bakura, ya tarar da wansa garau yana juya albasa a rumfa. Maigidansa Malami ya fara ƙorafi, ya ce in noma yake so ya faɗa a nemi wani.

Da ƙaramar Sallah Jibo ya zo Mafara. Bayan an ci tuwo ya jawo wayar ya nuna wa ƙanensa jerin sunaye. Sunansa ne na ƙarshe. Ya yi magana da ƙarfi irin ta wanda ba ya jin kansa.

"Ka gani, Falalu? Ɗan Sarkin Noma, haki ya canye gona tai. Da Baba na da rai da ya iske ni gida da sanda."

Ya yi dariya, amma idonsa ya kawo ruwa. Falalu ya san wannan gonar ita kaɗai ta rage wa wansa a duniya da zai nuna ya ce tasa ce. Ya kasa cin naman da ke gabansa.

Washegari, bayan ya sa Jibo a mota, ya tsaya a rumfar Mu'awiya yana sosa ƙeya. Ya tambaya ko ana iya saya wa wani ɗan malafar. Mu'awiya ya ce ana iyawa mana, ai sun fi son haka. Falalu ya miƙa kuɗin yana waige-waige kamar mai sayen abin kunya, ya ce kada kowa ya ji. Kafin ya isa gida gonar Jibo ta yi kore shar, sunansa ya fara hawa.

Taibatu ce kaɗai ya gaya wa. Tana tankaɗe ta tsaya.

"To Baban Nusaiba, in gona ta bar nuna ciwo, da mi za ka sanin lahiya tai?"

"Tulu hwa? Tulu da hannu nai yaka zuba shi. Ran da ban ga tulu ba, ran nan ni ka tahiya."

Ta ce Allah Ya sa, ta ci gaba da tankaɗenta.

Tulu kuwa ya yi ta zuwa. Har ma ya gyaru, don yanzu ba ya latti, ba ya sammako. Ƙarfe shida daidai wayar za ta yi ƙara. Falalu ya ji daɗi, ya ce wa Taibatu tun da aka sauke wa Yaya nauyi ya zama bature, ko agogon masallaci bai kai shi cika alkawari ba. Lokacin zafi ne, nama na saurin lalacewa, aiki ya yi yawa a rumfa. Kullum ya ce alhamdu lillahi, ya mayar da tulu, ya tafi. Bai taɓa samun kwanciyar hankali irin ta wannan watan ba tun barinsu gida.

Ran kwana talatin da ɗaya shida ta yi, shiru. Bakwai, shiru. Ya ce caji ne. Da hantsi ya leƙa gonar Jibo, ɗan malafa ya ɓace, ciyawa ta fara tsirowa. Bai ko sallami Malami ba ya nufi tasha.

A rumfar albasa ta Bakura aka ce ai kurman ya tashi tun bayan Sallah da kwana biyu, ya samu korar tsuntsu a wata gonar shinkafa wajen Dakko. Ya hau babur. Ya yi ta tambaya daga wannan fage zuwa wancan, kafin azahar aka nuna masa wani dattijo, Alhaji Balarabe, yana tsaye ana auna masa shinkafa. Falalu ya yi sallama, kuma ko a wannan hali sai da ya kai gaisuwa ƙarshenta, sannan ya ce yana neman wani kurma, dogo, mai tabo a bayan kunne.

Alhaji Balarabe ya dube shi ya daɗe.

"Bawan Allah, mi kake gare shi?"

"Ƙane nai na, Alhaji. Uwa ɗaya uba ɗaya."

Dattijon ya cire hularsa ya mayar. Ya kama hannun Falalu ya ja shi inuwa ya zaunar.

"Sai haƙuri. Allah Ya yi mai rasuwa. Yau kwana ashirin da biyu."

Falalu ya girgiza kai, har da ɗan murmushi. Ya ce ba shi ba ne, Alhaji, wani kurman ne, don nasa jiya ma ya gaishe shi da safe. Ya fiddo waya zai nuna. Alhaji Balarabe bai yi musu ba, ya aika gida aka kawo wata leda. Ciki akwai riga biyu, da carbi, da waya mai tsagaggen gilashi, a mace.

Ya ce zazzaɓi ne da amai. Kwana huɗu yana kwance a bukka, su suna ganin gajiya ce, don duk wanda ya leƙa ya yi masa alama da hannu sai ya ɗaga babban yatsa ya ce lafiya lau. Ran na biyar suka tarar ya cika. Wayar a kulle take, ba wanda ya iya buɗewa, daga baya ta mutu. Marigayin ya taɓa gaya musu sunan garinsu, sai suka ba wani direban Maradun saƙo ya kai Tungar Nagode. Direban ya dawo ya ce musu ba a shiga wajen, kuma ba kowa a can.

Kwana huɗu. Falalu ya yi ta juya wannan a ransa a gaban kabarin, wani tudun ƙasa da aka ɗora wa ƙaya a gefen maƙabartar mutanen da ba su san sunan ubansa ba. Da bai sayi ɗan malafa ba, ko da wasan ya lalace, tulun zai tsaya a rana ta farko ko ta biyu, shi kuwa da ya iso kafin azahar kamar yadda ya iso yau. Ya yi addu'a, bakinsa na motsi, amma zuciyarsa na wajen safiya ashirin da biyu da ya ce alhamdu lillahi ya saɓa wuƙa.

Da ya sauka a Mafara da la'asar bai wuce gida ba, ya tsaya wajen Mu'awiya. Ya ajiye wayarsa a kan tebur, ya tambaya cikin sanyin murya wa ke zuba masa ruwa. Mu'awiya ya shiga ya karanta ƙananan rubutun Turancin da ke ƙasan hoton ɗan malafa, ya ɗago a hankali.

"Yana cikin abin da ka saya, Sarkin Noma. Shi ka gaida maƙwabta a madadin mai gona. Wallahi ban lura ba."

Falalu ya ce ba komai, ya ɗauki wayarsa.

Aka yi zaman makoki na kwana uku a ƙofar ɗakinsa. Daga mutanen Tunga bakwai suka zo, sauran suka aiko da saƙo, wasu ba su ji ba sai bayan wata guda. Taibatu ba ta taɓa tuna masa tambayar da ta yi ba, shi kuwa da ta tuna masa da ya fi masa sauƙi. Ya rame. Kullum yakan farka kafin shida, ya yi sallah, ya zauna a bakin katifa da waya a hannu, shida ta wuce ba ƙara. Ya gwada kula da gonar Jibo da kansa, amma tulu ɗaya ake ba mutum a rana, ciyawa kuwa ba ta jira. Yana kallo kunyoyin nan miƙaƙƙu suka rufe, sunan wansa ya gangaro ya koma ƙarshen jeri.

Ran da aka yi sadakar arba'in, wasan ya aiko masa da saƙo, da hoton ɗan malafa yana murmushi a kan gonar Jibo. Nusaiba ce ta karanta masa, ita da ta shiga sakandare. An ce abokinka yana bukatar taimako, ka sabunta masa yau a rabin kuɗi. Taibatu ta ce a goge abin nan daga wayar, don girman Allah. Falalu ya ce to.

Bai goge ba. Mu'awiya ya ce ranar da Falalu ya zo ya miƙa kuɗin sabuntawa sai da ya riƙe hannunsa ya ce, "Sarkin Noma, ka san hwa ba shi na ba." Falalu ya ce ya sani, ai shi ya ga kabarin.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Ƙungiyar Tungar Nagode saura mutum huɗu, kuma Jibo ne a saman jeri. Falalu ya daina zaga gonaki, ya daina faɗa a kan ɗan malafa, in ana gardamar wasan a rumfa sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da wanke hanjinsa. Duk ƙarshen wata yana tsayawa wajen Mu'awiya, kuma tuni farashin ya koma cikakke. Ƙarfe shida wayar takan yi ƙara, tulu ya fito da sunan wansa. Ba ya cewa alhamdu lillahi. Yakan dai daɗe yana kallo, sannan ya mayar masa da nasa, ya saɓa wuƙa ya tafi kasuwa.